Fitilu sun kama, sai me? Sharhi kan masu tayar da tsofaffin kwamfutoci

Mai karatu, in kana cikin masu yawo a YouTube da daddare, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba. Wani bawan Allah a Amurka ko Jamus ya jawo ƙatuwar akwatin ƙarfe mai tsayin firji daga wani gareji, duk ƙura da kashin ɓera. Ya kwance, ya goge, ya liƙe nan da dalma, ya canza can. A kashi na goma sha biyu sai ya danna makunni, fankoki su ɗauki ƙugi, jerin ƙananan fitilun da ke gaban akwatin su fara ƙyaftawa. Shi ke nan, masu sharhi su yi ta sambarka, a ce matacciya ta tashi.

Ba na musun daɗin kallon. Amma wannan lokacin da fitilu ke kamawa, wanda duk bidiyon aka gina domin shi, shi ne mafi ƙarancin amfani a cikin aikin gaba ɗaya. Wani lokacin ma daidai nan ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Abin da nake so mu duba ke nan, kuma za mu auna shi da aikin da na fi ganin ƙimarsa a wannan fage, wato gyaran PDP-1 da aka yi a gidan tarihin kwamfuta na Mountain View a jihar Kalifoniya.

Da farko, wace irin na'ura ake magana? Turawa na kiranta minikwamfuta, wato ƙaramar kwamfuta, sunan da zai ba ka dariya in ka ga girmanta. Ƙanƙantarta a kan kwamfutocin zamaninta ne, waɗanda ke cinye ɗaki guda, ana sayensu miliyoyin daloli, kuma mai amfani da su ba ya ko taɓa su, sai dai ya miƙa katunansa ta taga ya dawo gobe. Kamfanin da ya fi shahara da ƙananan shi ne DEC, wanda Ken Olsen da Harlan Anderson suka kafa a 1957 cikin wata tsohuwar masaƙar ulu a garin Maynard na jihar Masachusets. A 1959 suka fito da PDP-1 a kan dala 120,000, kuma guda hamsin da 'yan kai kawai aka ƙera. A 1965 PDP-8 ta zo a kan kusan dala 18,000, farashin da ɗakin gwaje-gwaje na jami'a ko wata masana'anta za su iya biya, aka sayar da sama da 50,000 na zuriyarta. Sai PDP-11 a 1970, wadda aka sayar da ita dubu ɗaruruwa. A kan PDP-7 aka fara rubuta Unix a 1969, a kan PDP-11 ya girma, kuma a kanta aka sake rubuta shi da yaren C a 1973. Wayar da kake karanta wannan rubutu a kai, ko Android ce ko iPhone, tsarin da ke tafiyar da ita daga wannan tsatson ya ɗauko fasalinsa. Shi kuwa kamfanin, Compaq ya saye shi a 1998, HP kuma ya haɗiye Compaq a 2002. Ba kowa za ka kira a waya ka ce a aiko maka da kayan gyara.

Abin da shekaru ke yi wa ƙarfe

Kwamfutar da ta yi shekara arba'in a ajiye ba barci take ba, lalacewa take yi a hankali, kuma kowane sashe da irin nasa ciwon.

Ɗauki kafasita, wadda masu gyaran rediyo ke cewa kwandansa. Manyan da ke sashen wuta, wasu sun kai gwangwanin madara, suna aiki ne da wani siririn ɓawo da ke kan fallen alminiyam a cikinsu. Wannan ɓawon ne ke hana wuta tsallakawa, kuma wutar da ke bi ta wurin kullum ita ke raya shi. In aka daina kunnawa shekara da shekaru, ɓawon yakan yi rauni. Ka ba ta cikakkiyar wuta lokaci guda, sai ta yi zafi, ta fashe ko ta haɗe, wani lokacin ta tafi da wasu sassan. Maganin sananne ne: a cire ta, a ba ta wuta kaɗan-kaɗan tare da taƙaita abin da ke shiga, awa da awanni, har ɓawon ya sake ginuwa. Aiki ne mai gundura, babu abin kallo a ciki. Shi ya sa da yawa suke bin gajeriyar hanya, su tumɓuke duk kafasitocin, masu lafiya da marasa lafiya, su zuba a kwandon shara, su sa sababbi. Na'urar za ta tashi, ba shakka. Amma a jikin waɗancan da aka zubar akwai lambobin shekara da makon da aka ƙera su, kuma da irin waɗannan lambobi ake gane yaushe aka harhaɗa na'urar, da wane sashe ne na asali, da wanda wani injiniya ya canza a 1978.

Faifai ya fi wannan haɗari. RK05, wanda aka fi gani tare da PDP-8 da PDP-11, faranti ne mai faɗin inci 14 da ke ɗaukar kusan megabayit biyu da rabi, wato bai kai hoto ɗaya mai kyau na wayarka ba. Yana juyawa sau 1,500 a minti, kan da ke karatu kuma ba ya taɓa shi, yana shawagi ne a kan iska da tazarar da kaurin gashi ya ninka ta sau da yawa. To soson da aka liƙa a hanyoyin iskar na'urar yakan ruɓe ya zama gari. Ƙwaya ɗaya ta shiga tsakanin kan da faranti, sai ka ji ƙara, kan ya kafta, ya kankare fatar da bayanan ke kai. Abin da ke wurin ya tafi har abada. Kuma mene ne a wurin? Ba wanda ya sani, tunda ba a karanta ba. Wataƙila kwafi ne na dubu na manhajar da kowa ke da ita. Wataƙila kuma shi kaɗai ya rage na wata manhaja da wani ɗakin bincike ya rubuta wa kansa.

Amma inda na fi so ka tsaya shi ne ƙwaƙwalwar, domin a nan ne abin mamakin yake. Kwamfutocin nan ba sa ajiye bayanai a guntun silikon irin na yau. Suna amfani da ƙananan zobba na wani haɗin ƙarfe mai kama maganaɗisu, kowane zobe ƙarami kamar ƙwayar gero ko ƙasa da haka, an zura su a kan saƙar siraran wayoyi, galibi da hannu. Zobe ɗaya, bit ɗaya. In maganaɗisun ya juya dama, 1 ke nan, in ya juya hagu, 0. PDP-8 mai kalmomi 4,096, kowace kalma bit 12, tana da zobba 49,152. Dabarar ita ce zoben ba ya juyawa sai wutar da ta ratsa shi ta kai wani mizani. Don haka ana aika rabin wutar ta wayar tsaye, rabi ta wayar kwance, zoben da ke mahaɗarsu shi kaɗai ke samun cikakkiya ya juya. Karatu kuwa sai ta hanyar gogewa: a tilasta wa zoben komawa 0, in ya motsa, wata waya ta ji motsin, an san da 1 ne, sai na'urar ta yi sauri ta mayar da shi yadda yake.

Ga abin da ya biyo baya. Zoben ba ya bukatar wuta don ya riƙe abin da ke cikinsa. Ma'ana, kwamfutar da aka kashe a 1981 tana iya kasancewa har yau ɗauke da manhajar ƙarshe da ta gudanar, da lambobin ƙarshe da ta lissafa. To mene ne abu na farko da mai gyara mai gaggawa ke yi da zarar fitilu sun kama? Gwajin ƙwaƙwalwa. Ya cika ta da 1, ya cika ta da 0, ya yi murna ba kuskure. Ya share abin da ya tsira shekara arba'in cikin daƙiƙa ɗaya, kuma bai ma san ya yi ba. Garin neman gira an rasa ido.

Yadda aka yi a Mountain View

PDP-1 uku ne aka san sun rage, kuma duka suna gidan tarihin nan. Ɗaya daga ciki, mai lamba 55, ita aka zaɓa, wasu injiniyoyi 'yan sa-kai suka yi ta aiki a kanta har ta tashi a 2005. Abin da ya bambanta aikinsu ba ƙwarewar hannu ba ce kaɗai, masu bidiyo da yawa ma gwanaye ne. Ƙa'ida ce suka ɗaura wa kansu tun kafin su taɓa sukurudireba: duk abin da za a yi sai ya zama ana iya warware shi, duk abin da aka cire sai an sa masa alama an adana, duk abin da aka sa sabo sai ya zama ana iya gane shi, kuma a rubuta komai. Wanda zai zo bayan shekara hamsin ya buɗe na'urar zai iya cewa wannan na DEC ne, wannan na masu gyara ne. Wannan ita ce iyakar da ke tsakanin gyara da jabu.

Sun kuma yi sa'ar da ba a saye da kuɗi. Cikin tawagar akwai Steve Russell, wanda ya rubuta wasan Spacewar! a kan PDP-1 ta jami'ar MIT a 1962, da Peter Samson, wanda ya zana taurarin da ke bayan wasan bisa ainihin taswirar sama, ya kuma sa na'urar kiɗa da murya huɗu. Ka ga ke nan ba takarda kaɗai ake tambaya ba. In abu ya fito a allo, akwai wanda zai ce a'a, ba haka yake ba a da.

Me aka samu da ba a samu a takarda? Allon. Allon PDP-1 kwalba ce mai da'ira irin ta na'urar hango jirage. Ba ya zana hoto layi-layi kamar talabijin, ɗigo ɗaya yake haskawa a lokaci guda, kusan ɗigo 20,000 a daƙiƙa. Sinadarin da ke shafe a cikin kwalbar yana walƙawa da shuɗi mai haske, sannan ya bar wani kore-kore mai ɗaukar lokaci kafin ya dushe. Saboda haka jiragen Spacewar! suna jan wutsiyar haske a bayansu, kuma babu layi ko ɗaya a cikin manhajar da ya ce a zana wutsiya. Kwalbar ce ke yi. Wanda ya karanta manhajar daga farko har ƙarshe ba zai san da ita ba. Haka kiɗan Samson: sautin yana fitowa ne daga kunnawa da kashe wasu fitilu huɗu na gaban na'urar da sauri, kuma kaifin kowane sauti ya dogara da ainihin lokacin da kowane umarni ke ɗauka. Na'urar na tara lambobi biyu cikin miliyan ɗaya na daƙiƙa sau goma, wato sau 100,000 a daƙiƙa, kuma a kan wannan bugun aka auna kiɗan. Gani ya kori ji, a nan kam har jin ma sai da ƙarfen.

Duk da haka ina da ƙorafi a kan aikin, ko in ce a kan yadda ake nuna shi. Baƙon da ya je kallo zai ga wasa, ya ji kiɗa, ya fito da tunanin cewa PDP-1 abin wasan ɗaliban MIT ce. Alhali babban mai sayenta kamfanin sadarwa na ITT ne, wanda ya yi amfani da ita wajen karkasa saƙonnin telegiram. A kanta kuma kamfanin BBN ya yi ɗaya daga gwaje-gwajen farko na raba kwamfuta ɗaya tsakanin mutane da yawa a lokaci guda. Waɗannan ba su da kyan kallo, kuma kayan da aka haɗa su da su ba su nan, don haka sun faɗi daga labarin. Na'urar da aka tayar takan ba da labarin abin da ya fi sauƙin nunawa ne, ba abin da ta fi yi a rayuwarta ba. Wannan ba laifin masu dalma ba ne, amma sakamakon aikinsu ne, kuma ya kamata a riƙa faɗa.

Faɗaɗawa, inda rigimar take

Yanzu mu zo kan rabin na biyu, wanda masu sha'awar abin suka fi zumuɗi a kai. An gyara, ta tashi, sai a fara ƙari: ƙarin ƙwaƙwalwa, ƙarin faifai, hanyar haɗa ta da kwamfutar zamani.

Kar ka ɗauka ƙari baƙon abu ne a wurin waɗannan na'urori. Don a riƙa ƙara musu aka ƙera su. PDP-8 na da adireshi mai bit 12, wanda ba zai iya ƙirga sama da gurbi 4,096 ba. Da mutane suka bukaci ƙari, sai DEC ya fito da wani kati mai ƙara bit uku a gefe, ƙwaƙwalwar ta zama fili takwas, jimilla kalmomi 32,768, amma dole mai rubuta manhaja ya riƙa cewa yanzu na koma fili na biyu, yanzu na dawo. Tsarin OS/8 ma ba ya tashi sai da aƙalla fili biyu. Wanda ya samo irin wannan kati na zamanin ya sa, bai yi wa tarihi ƙarya ba, abin da mai na'urar zai yi ke nan a 1974 in kuɗi sun samu.

A PDP-11 kuwa ƙarin kati makaranta ce guda. Duk sassanta suna magana ne ta hanya ɗaya da ake kira Unibus. In wani kati na son magana, sai ya nemi izini, izinin kuma yana bi ne daga rami zuwa rami kamar yadda ake miƙa bokiti hannu da hannu wajen kashe gobara. Ka bar rami ɗaya ba kowa, izinin ya tsaya nan, duk katunan da ke bayansa su kurumce, na'urar ta sandare. Shi ya sa akwai wani ɗan ƙaramin kati da ba ya aikin komai sai miƙa izinin gaba, kuma dole a cusa shi a duk ramin da ba kowa. Duk wanda ya yi kwana uku yana neman dalilin sandarewar PDP-11, ya gano ɗan katin nan ne ya ɓata ko aka sa shi a juye, ya fahimci yadda sassan kwamfuta ke rabon hanya fiye da wanda ya haddace babi guda. A nan ba ni da ja. Kusancin abin da aikin masu gyaran rediyo na da, masu bin layin wuta da mita har su kama taransista ɗaya da ta mutu, ya fi kusancinsa da gyaran waya na yau inda ake cire fanel a sa wani.

Inda nake da ja shi ne ƙarin zamani. Akwai wani kati da ake kira UniBone, wanda wani Bajamushe, Jörg Hoppe, ya ƙera. Ana cusa shi a Unibus kamar kowane kati, amma a kansa akwai 'yar kwamfutar zamani, BeagleBone, mai gudanar da Linux. Yana iya shigar burtu ya zama ƙwaƙwalwa, ya zama faifai, har ya zama ita kanta cibiyar lissafin. A matsayin kayan aikin gyara, abin yabo ne ƙwarai: da shi za ka gwada sashe ɗaya ba tare da sauran sun tashi ba, kuma za ka bar tsohon faifanka ya huta maimakon ka yi ta kasada da shi. Amma duba lissafin. Unibus ba ya iya kaiwa sama da kilobayit 256, kuma 8 na sama an ware su don na'urorin gefe, saura 248. Ita 'yar kwamfutar da ke kan katin tana da megabayit 512, sama da ninki dubu biyu. To in ƙwaƙwalwar ta katin ce, faifan na katin ne, wani lokacin har lissafin, me ya rage na PDP-11? Akwati, fankoki da fitilu. Bawa ya fi ubangijinsa dukiya, ana ta gaishe da ubangijin.

Ba cewa nake haramun ne ba. Kayan mutum ne, ya saya da kuɗinsa. Abin da nake ƙi shi ne a nuna maka wannan a ce ga yadda kwamfuta take a 1972. Ba haka take ba, kuma abin da aka cire shi ne ainihin darasin. Mai PDP-8 ta farko, in ƙwaƙwalwarsa ta goge, sai ya tsaya gaban makunnai goma sha biyu ya shigar da 'yar manhajar farko da yatsunsa, kalma bayan kalma, kusan goma sha bakwai. Ita za ta karanto wata babba daga tef ɗin takarda mai huji, ita kuma ta karanto ainihin abin da yake so. In na'urar karatunsa Teletype ce, harafi goma take ja a daƙiƙa. Kowace kalma layi biyu ce a tef, don haka cika ƙwaƙwalwa mai kalmomi 4,096 zai ci kusan minti 14, in tef bai yage ba. Wannan jiran da wannan ƙuncin su suka haifi salon mutanen zamanin: gajerun sunayen umarni, ƙananan manhajoji masu aiki ɗaya, ƙyamar ɓarnar ko da kalma guda. In ka taɓa mamakin me ya sa umarnin Unix suke da haruffa bibbiyu, ka tuna da madannin Teletype mai tauri da harafi goma a daƙiƙa. Ka cire jiran, ka cika ƙwaƙwalwa har wuya, ka sa faifan da ba ya kuskure, ka samu na'urar da ba wanda ya taɓa zama a gabanta.

Shi ya sa, abin mamaki, na fi samun natsuwa da kwaikwayon da ya ce shi kwaikwayo ne. PiDP-8 da PiDP-11 na Oscar Vermeulen fuskar na'urar ce kawai, an ɗan rage girmanta, da makunnai da fitilu, a bayanta Raspberry Pi. Ba wanda aka yaudara, kuma ba tsohon kati ko ɗaya da aka ƙona.

To ai sai a tambaya, in haka ne me ya sa ba za a bar ƙarfen ya huta ba, a koma kwaikwayo gaba ɗaya? Tambaya ce mai ƙarfi. Tun 1993 Bob Supnik, tsohon injiniyan DEC, ya fara SIMH, manhajar da ke sa kwamfutarka ta zama PDP-1 ko PDP-8 ko PDP-11. Kuma mafi muhimmancin tayar da matacce da aka yi a wannan fage, a ganina, ba a taɓa dalma a cikinsa ba. A 2008 wasu masu sha'awar tarihin Unix, ƙarƙashin ƙungiyar da Warren Toomey ke jagoranta, suka ɗauki wata bugaggiyar takarda mai ɗauke da zuciyar Unix na farkon shekarun 1970, suka mayar da ita rubutun kwamfuta, suka gyara kurakuran karatu, suka tayar da ita a kan SIMH. Takarda ce ta tsira, ba na'ura ba. Haka rumbun Bitsavers da Al Kossow ya daɗe yana tarawa, dubban littattafan gyara da zanen layukan wuta da aka ɗauka hoto. Duk mai bidiyon da ka gani yana bin layi da mita, akwai yiwuwar daga can ya sauko da zanen. Ba safai ake ambaton wannan ba, tunda ɗaukar hoton shafi dubu ba ya tara masu kallo.

Amsata ita ce kwaikwayo ba ya sanin abin da mai rubuta shi bai sani ba. Daga littafi ake rubuta shi, littafi kuma yakan yi kuskure, yakan yi shiru. Wutsiyar hasken Spacewar! sai da wani ya gan ta a kwalba kafin ya iya kwaikwayonta. Don haka ana bukatar 'yan na'urori kaɗan masu rai, waɗanda aka gyara bisa ƙa'ida, su zama ma'aunin da ake gwada kwaikwayo da shi. Kaɗan fa. Ba kowace aka tsinta a gareji ba.

In za ka kalli irin bidiyon nan gaba, ga abin da ni nake dubawa. Ya ɗauki hoton kowane kati da ramin da ya fito kafin ya zare? Ya kwashe abin da ke cikin ƙwaƙwalwa da faifai kafin ya rubuta wani abu a kai, ya kuma saka shi inda wasu za su samu? Abin da ya cire, yana ina? Da ya kama taransistar da ta mutu, ya nuna yadda ya kama ta, ko kuwa ya yi ta canza katuna ne har abin ya tashi? Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin kowane katin da aka ɗauko don canji daga cikin wata na'urar aka zare shi. Sau da yawa tayar da ɗaya yana nufin an fede biyu.

Akwai kuma abin da ba bidiyon da ke nunawa, wato shekara goma bayan fitilu sun kama. Paul Allen, wanda suka kafa Microsoft tare da Bill Gates, ya gina gidan tarihi a Siyatil mai suna Living Computers, aka buɗe wa jama'a a 2012. Manufarsa ita ce komai ya kasance a kunne. Kana iya zama gaban tsohuwar na'ura ka taɓa, har ma ka nemi izini ka shiga wasunsu ta intanet daga ko'ina a duniya. Injiniyoyi ne na cikakken lokaci ke kula da su, ga kuɗin wuta, ga na sanyaya ɗaki. Allen ya rasu a 2018. An rufe gidan a watan Maris na 2020 lokacin annobar korona, ba a sake buɗewa ba. A 2024 aka sanar da rufewar dindindin, kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar da manyan kayan, ciki har da PDP-10, babbar yayar waɗannan da muke magana. Wasu kayan sun samu masu riƙo da suka ci gaba da kunna su, amma tawagar da ta san halin kowace na'ura, wane kati ne ke gardama in ɗaki ya yi zafi, wace waya ce ba a taɓawa, ta watse. Irin wannan sanin ba ya cikin kundin gwanjo.

Ita ma PDP-1 ta Mountain View ba ta tsira daga wannan lissafin ba. Taransistocinta na jamaniyam ne, irin da aka daɗe da barin yayinsu, kuma kwalbar allonta an daɗe da daina ƙera irinta. Kowace awa da aka kunna ta don baƙi su ga jirage biyu suna zagaya tauraro, ana cin wani abu daga kwanakin kwalbar. Masu kula da ita sun san haka, shi ya sa ba kullum take a kunne ba, sai a ranakun nuni da aka tsara, na ɗan lokaci, sannan a kashe. Russell da Samson kuwa, waɗanda suka san yadda hasken ya kamata ya kasance, duk sun haura shekara tamanin.